Me ya kai mota sararin samaniya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. An turo mana wani bidiyo na jar mota buɗaɗɗiya tana shawagi a sararin samaniya, ga mutum zaune a kujerar direba ya ɗora hannu a kan ƙofa. Gardama ta kaure tsakanin abokaina. Wani ya ce haɗin kwamfuta ne, wani ya ce gawa aka ɓoye a cikin rigar nan, wani kuma ya ce motar rufa-ido ce, na'urar leƙen asiri aka harba. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, roka mai tsada haka, me zai sa a ɗora mata mota maimakon wani abu mai amfani?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Motar gaskiya ce, kuma tana can har gobe. Ranar 6 ga Fabrairun 2018 kamfanin SpaceX ya yi gwajin farko na rokarsa Falcon Heavy daga dandamali mai lamba 39A a cibiyar Kennedy da ke jihar Florida a Amurka, wato wurin da kumbon Apollo 11 ya tashi zuwa wata a 1969. Kayan da aka ɗora mata su ne motar Tesla Roadster ta mai kamfanin, Elon Musk. Wanda ka gani a kujera mutum-mutumi ne da suka sa wa suna Starman, aka sanya masa irin rigar da kamfanin ya ɗinka wa 'yan sama jannati.

Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin in ta warware, sauran gardamar rabinta ta mutu.

A tashin farko rokar ce ke zana jarrabawa. Kayan da ke kanta ba su ne abin dubawa ba, amfaninsu kawai su yi nauyi. Idan masassaƙi ya gama sabon kwalekwale, ba amarya da kayan ɗakinta ake fara ɗora masa ba, buhunan yashi ake jibgawa a tura shi ruwa a ga inda zai yi yoyo. Masu ƙera roka ma haka suke yi, sai dai nasu buhun yashin dunƙulen ƙarfe ne ko kankare, wanda aka auna shi ya yi daidai da nauyin tauraron ɗan'adam. Har ruwa an taɓa lodawa. A 1962 Amurkawa sun cika saman rokar Saturn ta farko da ruwa kimanin tan 86, har sau biyu, da ta kai can sama suka fasa ta don su ga yadda ruwan zai watsu.

Wannan al'ada ba tsoro ba ce kawai, wuya aka sha kafin a koye ta. Shekarar 1996 ita kaɗai ta isa misali. A watan Fabrairu ƙasar Sin ta yi tashin farko na rokar Long March 3B daga Xichang, ɗauke da tauraron sadarwa na gaske, Intelsat 708. Tana barin dandamali ta karkace, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta faɗa kusa da wani ƙauye, hukuma ta ce mutum shida sun rasu. Wannan samfurin rokar dai shi ne daga baya, bayan an gyara shi ya zauna da gindinsa, ya kai tauraron Najeriya NigComSat-1 falaki, wato hanyar zagaya duniya, a watan Mayun 2007. Kusan wata huɗu bayan hatsarin Xichang, ranar 4 ga Yuni, Turawa suka harba rokarsu Ariane 5 ta farko daga Kourou da ke Kudancin Amurka. An ba wa masana kimiyya gurbi kusan kyauta, suka ɗora taurari huɗu na wani bincike mai suna Cluster, aikin da suka kwashe shekaru suna yi. Wajen daƙiƙa 40 da tashi rokar ta tarwatse. Ba inji ne ya lalace ba: wani lissafi ne a manhajar da aka gado daga Ariane 4, lambar ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, kwamfutar tuƙi ta rikice. Sai a shekarar 2000 aka sake harba madadinsu. Araha ba ta ado.

Kar ka ce tsohon labari ne. A watan Maris na 2023 Japan ta ɗora tauraron ɗaukar hoton ƙasa ALOS-3 a kan sabuwar rokarta H3. Injin mataki na biyu, wato sashen sama na rokar, ya ƙi tashi, dole aka aika mata umarnin ta fashe, tauraro ya bi ruwa. Da suka zo tashi na biyu a Fabrairun 2024, dunƙulen ƙarfe suka loda mata da wasu ƙananan taurari biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. SpaceX kansa ya sha wannan ɗaci: ƙaramar rokarsa Falcon 1 ta faɗi sau uku a jere, a karo na huɗu a Satumbar 2008 sai suka ɗora mata dunƙulen alminiyam mai kilo 165, kuma a ranar ne ta fara kai wa falaki.

To ka ga ashe ba wai ana da tauraro mai amfani a ajiye aka ƙi ɗauka aka zaɓi mota ba. Babban tauraron sadarwa yakan ci shekaru ana haɗa shi, ya kuma lashe ɗaruruwan miliyoyin dala, kuma masu inshora ba sa ɗokin rokar da ba ta taɓa tashi ba. Shi kansa Musk a tsakiyar 2017 ya faɗa a bainar jama'a cewa in rokar ta yi nisa da dandamali kafin ta fashe, har ba ta lalata shi ba, zai lissafa hakan a matsayin nasara. Wa zai ba da dukiyarsa ajiya a hannun wanda ke faɗin haka da bakinsa?

Za ka iya cewa to a harba ta ba kaya mana. Nan ma akwai magana. Tuƙa roka kamar tsayar da taɓarya ne a tafin hannu: kana tura ta daga ƙasa, kana ta gyara hannu don kada ta kife. Kwamfutar da ke wannan gyaran tana bukatar sanin nauyin da ke can ƙololuwa da inda ya fi rinjaya. Sannan jikin roka ba sandararre ba ne kamar yadda ido ke gani, yana lanƙwasa yana kaɗawa, kuma yanayin kaɗawar yana canzawa da lodi. Duk direban tirela ya san motarsa ba ta tafiya iri ɗaya in tana wofi da in ta sha kaya. Akwai kuma kwanson da ke rufe kaya a kan rokar, wanda dole a ga ya dare biyu ya faɗi a lokacin da aka tsara. Duk waɗannan ana son a gwada su da wani abu a ciki. Sai dai in faɗa maka gaskiya, a matsayin lodi motar nan ba ta cika nauyi ba. Ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, alhali Falcon Heavy an ƙera ta ne ta iya kai kusan tan 64 zuwa falakin da ke kusa da duniya. Rashin nauyin ne ya ba ta damar wurga motar nesa haka.

Cece-ku-cen kuwa, tun kafin a ga motar aka fara shi, kuma Musk ne ya kunna wutar da hannunsa. Yana da tarihi. A Disambar 2010, da kumbonsa Dragon ya yi zagayen farko ya dawo, sai washegari aka bayyana cewa akwai wani kaya na sirri a ciki, ashe ƙaton curin cuku ne na Faransa. Saboda haka da ya ce a watan Maris na 2017 Falcon Heavy za ta ɗauki abin da ya fi kowane shirme da za su iya tunani, sai masu bibiyar harkar roka a intanet suka kwashe watanni suna canki-canka, kowa da nasa hasashen. A farkon Disamba ya rubuta a Twitter cewa motarsa ce, za ta tafi tana kaɗa waƙar mawaƙin Birtaniya David Bowie, kuma falakin duniyar Mars ta nufa. 'Yan jarida suka rasa ko wasa yake, har wata kafa ta ruwaito ya ce ƙirƙira ya yi, kafin daga bisani a tabbatar da gaske ne. Sai wajen ƙarshen watan aka fitar da hotonta a ɗaure cikin kwanson rokar. Talla ce? Ƙwarai kuwa, kuma ta yi kasuwa, domin mutum fiye da miliyan biyu ne suka kalli tashin kai-tsaye a YouTube a lokaci guda. Da kankare aka ɗora, da kai da abokanka ba ku san an yi ba.

Ina cikin waɗanda suka kalla. Iska mai ƙarfi a can sama ta sa aka yi ta ɗage lokaci fiye da awa biyu, sai ƙarfe 9:45 na dare agogon Najeriya ta tashi, ni kuwa ina ta duban cajin wayata yana zubewa. Ba motar nake jira ba. Falcon Heavy roka uku ce aka ɗaure gefe da gefe, kowace da inji tara, jimla 27, kuma ba a kunna su gaba ɗaya, bi-da-bi ake yi cikin ƙiftawar ido don kada girgizar ta yaga maɗaurin. Abin da ya sa na riƙe numfashi shi ne lokacin da na gefe biyu za su saki ta tsakiya, domin wannan ba a iya gwada shi a ƙasa. Suka saki lafiya, suka juyo, wajen minti takwas da tashi suka sauko a tsaye kusan lokaci guda, kamar tagwayen da aka yi wa horo. Su biyun ma ba sababbi ba ne, kowace ta taɓa tashi a 2016. Ta tsakiyar ce ba ta yi sa'a ba: sinadarin kunna inji ya ƙare mata, ɗaya cikin uku kawai ya tashi, ta kauce wa jirgin ruwan da ke jiranta ta doki teku da gudun kusan kilomita 480 a awa.

Jarrabawar da ta fi tsada kuma an yi ta ne bayan yawancin masu kallo sun kwanta. Matakin sama, wanda motar ke ɗaure a kansa, an bar shi ya yi shawagi kimanin awa shida inji a kashe, yana ratsa yankin da ke kewaye da duniya mai cike da burbushin haskoki masu cutar da na'ura. A cikin waɗannan awanni kananzir ɗin da ke tanki na iya daskarewa, iskar shaƙa da aka mayar ruwa da tsananin sanyi na iya tafasa ta tsere, batir na iya mutuwa. Daga nan aka sake kunna shi, ya kuma tashi. Wannan shi ne abin da rundunar sojin saman Amurka ke son gani, domin wasu taurarinta sai an kai su kai-tsaye har falaki mai nisan kusan kilomita 36,000. Rokar ta ci jarrabawa, shi ya sa a Afrilun 2019 aka amince mata da tauraron Arabsat-6A, a Oktobar 2024 kuma hukumar NASA ta ɗora mata kumbon Europa Clipper da ya nufi duniyar Jupiter.

Yanzu ga abokanka.

Mai cewa haɗin kwamfuta ne, ban ga laifinsa ba, domin hoton ya yi kama da na bogi. Musk ma ya yi wannan barkwancin a daren, cewa da ƙirƙira suka yi da ya fi haka kyau. Dalilin shi ne idonmu ya saba da iska. Duk abin da ka taɓa gani a rayuwarka, ta cikin ƙura da tururi ka gan shi, su ne ke tausasa haske, su sa inuwa ta yi laushi, nesa ta yi dishi-dishi. A can babu ko ɗaya, sai launi ya fito raɗau, inuwa ta yi baƙi ƙirin, gefen kowane abu ya yi kaifi kamar an yanke da reza. Sai kuma a ce ina taurari? Ka fita da dare ka ɗauki hoton ango a ƙarƙashin fitilun wurin biki, ka duba saman hoton, ba za ka ga tauraro ko ɗaya ba. Kyamarar ta daidaita kanta da hasken da ya fi ƙarfi, a nan kuwa mota ce da duniya a tsakiyar hasken rana. Amma babbar hujjar ba a bidiyon take ba. A kwanakin da suka biyo baya masu nazarin taurari a ƙasashe daban-daban, waɗanda ba sa cin albashin SpaceX, sun juya madubin hangen nesansu suka ɗauki ɗigon haskenta yana tafiya daidai inda lissafi ya ce zai kasance. Tana da lambar rajista ta duniya, 2018-017A, kamar kowane abu da aka harba.

Maganar gawa da raha ta fara, ta bi baki har ta zama labari. Kafin a harba roka ta kasuwanci daga Amurka sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar ta ba da lasisi, kuma tana duba abin da za a ɗauka. Lasisin wannan tashi ya ambaci motar da sunanta a matsayin kayan gwajin nauyi. Ga kuma tarin ma'aikatan da suka ɗaura ta, suka kafa kyamarori, suka zaunar da mutum-mutumin. Wanda ke son ɓoye gawa ba ya kafa mata kyamara ta yi awa huɗu duniya na kallo. Abin sha'awa, wannan zargi ya girmi Musk. A watan Maris na 1961, makonni kaɗan kafin Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya tashi ranar 12 ga Afrilu, Tarayyar Sobiyet ta harba wani mutum-mutumi da suke kira Ivan Ivanovich har sau biyu, a cikin rigar 'yan sama jannati, ya sauko da lema. Ya yi kama da mutum sosai, har sai da suka rubuta kalmar da ke nufin gunki da Rashanci suka sa a fuskar hularsa, don kada ƙauyawan da za su tsince shi su zaci gawa ce. Don gwada rediyo kuma, maimakon muryar mutum ɗaya, sai suka sa faifan ƙungiyar mawaƙa, saboda duk wanda ya saci sauraro ya san ba a cusa mutum ashirin a kumbo ɗaya ba. Duk da wannan dabara, jita-jitar cewa Rasha ta ɓatar da mutane a sama ta yi shekaru tana yawo.

Mai zancen leƙen asiri shi ne ya fi kusa da wani abu na gaske, sai dai ya haɗa labari biyu. Wata guda kafin motar, a Janairun 2018, SpaceX ya harba a kan rokarsa Falcon 9 wani kaya na gwamnatin Amurka mai suna Zuma (ba ruwansa da zumar sha ko dutsen hanyar Abuja, suna ne kawai ya zo ɗaya). Kamfanin Northrop Grumman ne ya ƙera shi, ba hukumar da ta fito ta ce nata ne, kuma rahotanni suka ce ya kasa rabuwa da rokar ya faɗo. Ka lura da yadda ake yin sirri a wannan sana'a: ana faɗa maka ranar tashi, a ce kayan na sirri ne, a kashe kyamara, shi ke nan. Ba sai an nemi mota ba. Bayan haka tauraron leƙen asiri dole ya zauna kusa da abin da yake leƙe. Motar nan kuwa ta bar duniya gaba ɗaya, batir ɗinta ya mutu tun a ranar farko.

Zuwa Mars fa? Ba ta je ba, ba kuma za ta sauka ba. Kafin abu ya shiga zagayen wata duniya sai ya taka birki da inji idan ya isa, wannan kuma ba shi da mai ba shi da wuta. Rana take zagayawa, a kan hanya mai siffar ƙwai da ke ratsa hanyar Mars, tana kai wa kusan kilomita miliyan 250 daga rana sannan ta dawo daidai nisan da duniyarmu take, zagaye ɗaya cikin kwana 557. A nan ma bakin mai motar ne ya jawo ruɗani, domin a daren ya wallafa wani zane da ke nuna ta zarce har yankin duwatsun da ke bayan Mars, sai da masana suka ce lissafin bai hau ba aka gyara. A Oktobar 2020 ta gifta Mars da tazarar ƙasa da kilomita miliyan 8. Wasu masu bincike ƙarƙashin Hanno Rein na Jami'ar Toronto sun lissafa cewa cikin shekara miliyan ɗaya mai zuwa, yiwuwar ta faɗo wa duniya kashi 6 ne cikin 100, ta faɗa wa Venus kuwa, wadda muke kira Zara, kashi 2.5. Waƙar da aka ce tana kaɗawa, ko da batir na nan ba mai ji, sauti ba ya tafiya inda ba iska.

Inda nake ganin masu suka suna da gaskiya ba wajen almubazzaranci ba ne, domin tsohuwar mota ba ta fi dunƙulen ƙarfen da aka ƙera musamman tsada da wani abin kirki ba, in an gwada da kuɗin rokar. Da ni ne, da na maƙala mata 'yan na'urorin ɗaliban jami'a, waɗanda in sun ƙone ba a yi asarar komai ba sai zufa. Babban abin damuwar shi ne duk abin da aka wurga can nesa ba mai bin sawunsa yadda ake bin na kusa da duniya, kuma yana rikita masu gadin sama, wato masu neman duwatsun da ka iya faɗo mana. An sha yin haka. Wani abu da aka gano a 2002 aka zaci dutse ne, ashe matakin rokar Apollo 12 ne na 1969. Wani a 2020, ashe ragowar rokar da ta ɗauki kumbon Surveyor 2 ce a 1966.

Motar ma ba ta tsira ba. Ranar 2 ga Janairun 2025 cibiyar da ke rajistar irin waɗannan duwatsu a Cambridge ta jihar Massachusetts ta sanar da sabon dutse mai lamba 2018 CN41. Wani mai sha'awar taurari a Turkiyya ne ya tono shi daga tsofaffin bayanan 2018, ya ga ya gifta mu da tazarar da ba ta kai nisan da ke tsakaninmu da wata ba, abin da ya isa a sa masa ido. Washegari aka soke rajistar. Dutsen nan motar ce, kuma dalilin da ya sa aka gan ta kusa da duniya a Fabrairun 2018 shi ne lokacin ne ta baro Florida.